Neman shawara: ɗigon da ke tsakiyar CuSO₄·5H₂O ya rikita ni

Hadiza, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana zan rubuta jarrabawar probatuwar. A gwajin da muka yi an ce mu fitar da nauyin mol ɗaya (mol shi ne ma'aunin yawan sinadari) na sinadarin CuSO₄·5H₂O. Na ɗauka ɗigon nan alamar sau ce, na ninka 160 (nauyin CuSO₄) da 90 (nauyin 5H₂O), malam ya ja min jan biro. Kuma me ya sa ake ce masa "pentahydraté" alhali busasshen abu ne shuɗi, ban ga ruwa a jikinsa ba? Don Allah a taimake ni, abin ya tsaya min a rai.

Malam Bello, Marwa: Wa alaikumus salam 'yata. Ɗigon nan tarawa yake nufi: 160 a haɗa da 90, ya zama kusan giram 250. Ruwan yana ciki, ya shiga ginin ƙwayar gishirin ya zauna, kowane CuSO₄ ɗaya yana riƙe da H₂O biyar. Sunan kuwa ƙirga ne da Girkanci: mono ɗaya, di biyu, tri uku, tetra huɗu, penta biyar, hegza shida, hepta bakwai, deka goma. Ki fara faɗin sunan gishirin, sannan adadin ruwan. Ki roƙi malaminku ya gasa giram 25 a gabanku. Shuɗin zai koma fari, a auna a ga saura giram 16. Wannan farin shi ne "anhydre", marar ruwa. A ɗiga masa ruwa, shuɗin ya dawo. Wanda ya gani da idonsa ba ya mantawa.

Sani mai filasta, Kusuri: Ƙanwata, sana'ata ke nan. Dutsen jibsum CaSO₄·2H₂O ne. In an gasa shi sai ya koma garin filasta, CaSO₄·½H₂O, wanda ake kira hemi, wato rabi. Da na kwaɓa shi da ruwa sai ya ɗau ɗumi ya daskare, ya koma jibsum. Shi ya sa buhun da ya sha damina ba ya kamawa.

Hajiya Falmata, Njamena: Ki duba kanwarmu ta Kanem ma, 'yar nan. A cikin gishirin da ke tattare da ita akwai Na₂CO₃·10H₂O, mai deka. Shi wannan a busasshiyar iska ruwansa fita yake, ya bar farin gari.

Hadiza: Allah ya saka da alheri. Malam, ke nan MgSO₄·7H₂O hepta ne, 120 a haɗa da 126, ya ba da 246?

Malam Bello: Daidai ne, 'yata. Yanzu fitar min da kason ruwan da ke cikinsa bisa ɗari.