Musayar waƙa: Cap San Diego, farin jirgin Hamburg

Malam Mai Alƙalami:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan makon jirgin dakon kaya za mu waƙe, Cap San Diego na ƙasar Jamus. An ƙera shi a masana'antar Deutsche Werft da ke Hamburg, aka tura shi ruwa a Disamban 1961, ya kama aiki a 1962 a hannun kamfanin Hamburg Süd, yana kai da kawo tsakanin Hamburg da tashoshin Kudancin Amurka. Tsawonsa mita 159 da 'yan kai. Babban amsa-amonmu "wa" ne, kowa ya riƙe.

Bismillahi, da shi zan fara,
Alƙalami na ɗauka in tsara
Labarin jirgi fari mai ƙira,
Da ya tsufa yana nan bisa ruwa.

Su 6 ne 'yan ɗaki ɗaya,
Shi ne auta cikin zuriya,
Fari fat tun daga goshi har baya,
Ƙasansa ja ne, gwanin burgewa.

Cäsar Pinnau ne ya zana shi,
Mai zanen gine-gine ya tsara shi,
Ƙaton bututu bai ɗora mishi,
Sai sirara biyu, nan hayaƙi ke hawa.

Kudancin Atlantika ta san su,
Fararen tsuntsaye ake kiran su,
Santos da Buenos Aires na jiran su,
Montevideo na murnar isowa.

'Yar Teku:

Malam, ka yaba fari da kyan jiki,
Ni bar ni in leƙa abin da ke ciki,
Rumbuna 5 ke riƙe da aiki,
Kowanne da nasa abin ɗaukowa.

Tafiyar kudu, injuna yakan ɗiba,
Da motoci, ba a bar sinadarai ba,
Har shanu masu ciki ba a rasa ba,
Sun ƙetare teku suna cin ciyawa.

Dawowa, buhu kan buhu na kofi,
Auduga an ɗaure ta tam da ƙarfi,
Nama a ɗakin sanyi can zurfi,
Man girki a tanki yana kaɗawa.

Fasinja 12 kacal yake ɗauka,
In ya ƙara ɗaya ya sauya a doka,
Ya zama na fasinja, sharuɗɗa su hau ka,
Shi ya sa ba su yarda da ƙarawa.

Su 12 nan kuwa sun ji daɗi,
Falo gare su mai kyau da faɗi,
Wurin ninƙaya, ga iska, ga taɗi,
Makonni a teku babu gajiyawa.

Ɗan Dako:

Yaya, kin ƙirga kaya, kin iya,
Amma wa ya ɗora su a kan wuya?
Buhun kofi kilo 60 ne ɗaya,
Mutum ke sunkuya masa yana ɗagawa.

Ƙugiya a hannun dama an riƙe,
Raga ta cika, igiya ta miƙe,
Na ƙasa ya ja gefe ya maƙe,
Don kaya na bisa kansa suna juyawa.

Mai alama na tsaye a bakin rami,
Da hannu yake magana, ba da harshe ko baki,
In ya yi kuskure, dami ya sauko da nauyi,
Na ƙasa ba shi da wurin gujewa.

Jirgi ya yi kwanaki a ɗaure,
Leburori a rumbu, gumi na tsere,
Wanda ya tsufa ƙugu ya ƙare,
Ba shi a hoton da ake ratayewa.

Ni dai kwantena ban zarge ta ba,
Ta ƙwace aikin da yawa, ban musa ba,
Amma gadon bayan da ta hutar ba kaɗan ba,
Ku sa shi a ma'auni wajen yankewa.

Malam Mai Alƙalami:

Ɗan Dako, baitinka na uku ya karya ƙaramin amsa-amo, amma na bar shi yadda yake, don abin da ya faɗa ya fi ƙafiyar nauyi.

Baba Injiniya:

Ku bari in sa shekaru a kan maganar yaron nan. A Afrilun 1956 wani ɗan kasuwa, Malcom McLean, ya ɗora kwantena 58 a kan jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston a Amurka. Ke nan shekara 5 kafin a tura Cap San Diego ruwa, abin da zai raba shi da aiki ya riga ya fara tafiya. A 1966 jirgin kwantena na farko ya iso Jamus ta Bremen, a 1968 kuma Hamburg ta karɓi nata.

Ɗana, ka faɗi gaskiya mai ɗaci,
An haife shi a ƙurarren lokaci,
Akwatin ƙarfe ya canja kasuwanci,
Aikin kwanaki a yini ake gamawa.

Amma ku biyo ni ƙasa ta matakala,
Inda rana ba ta shiga, sai fitila,
Silinda 9 na injin MAN ke son kula,
In an bar tasha ba sa tsayawa.

Mai gadin inji, kunne ne jarinsa,
Yakan san lafiya daga bugun ƙarfensa,
Tsumma a aljihu, baƙin mai a hannunsa,
Ya dafa ƙarfe ya ji ko zafi na hawa.

Ƙara ta hana magana sai da hannu,
Gaisuwa a ɗaga kai, ba a jin sannu,
Na sama na tebur da naman shanu,
Na ƙasa na ƙirga awa 4 na tsayuwa.

Sau 120 da ɗoriya ya je ya dawo,
Kusan shekara 20 yana kai da kawo,
Ba ya cikin jiragen da ke yawo,
Layi gare shi da ranar isowa.

Wannan lissafi ba fenti ya yi shi ba,
Ba kyan goshi ya ƙetare teku ba,
Mutanen da fasinja bai san su ba,
Su suka riƙe farfela tana juyawa.

Autan Mawaƙa:

Baba, na ji, jikina ya yi sanyi,
To da kwantena ta zo, me ya yi?
'Yan'uwansa 5, wace hanya suka bi?
Ku ba ni ƙarshe, ina ta tambayawa.

Malam Mai Alƙalami:

Auta, zauna ka ji yadda ta kaya,
A 1981 aka sallame shi gaba ɗaya,
Kamfanin Ybarra na ƙasar Sifaniya
Ya saye shi, ya ci gaba da ɗorawa.

Shekaru suka ja, gata ya ragu,
Tsatsa ta ci gefe, fenti ya gurgu,
A 1986 har sunan ya gushe, ya tafi can lungu,
Sangria aka rubuta, ana shirin rabuwa.

Masu yankan ƙarfe na jiran sa,
Wutar da ta ci 'yan'uwa na neman sa,
Su 5 ɗin babu wanda ya tsira kamar sa,
Duk an yayyanka, an kai narkarwa.

Sai birnin Hamburg ya ce a dakata,
Ɗan da aka haifa a nan ba ya ɓata,
Ya biya, ya karɓo shi daga bakin wuta,
Ya hau kogin Elbe yana komowa.

An mayar masa da sunansa na asali, a shekarar 1987 kuma aka miƙa shi ga gidauniyar Hamburger Admiralität. Yau yana ɗaure a gadar Überseebrücke, ya zama gidan tarihi.

Ɗan Dako:

Malam, gidan tarihi ka ce mini?
Jirgin da ba lodi, me ya rage na jini?
A sayi tikiti, a yi hoto, a wuce ni,
Wannan ajiya ce ko kuwa rayuwa?

'Yar Teku:

Ƙanena, a nan kam ban bi ka ba,
Ba gawa aka shafa wa fenti ba,
Injin nan bai mutu ba, bai daskare ba,
Ana tada shi, hayaƙi na tasowa.

Cikin jiragen kaya na gidan tarihi
Da ke iya tafiya da ƙarfin kansu, sahihi,
Babu mai girmansa, wannan bayani ne sarihi,
Yakan kwance igiya ya ɗau baƙi fitowa.

Ɗakunan fasinja kuwa ana kwana,
Baƙo ya kama ɗaki ya kai har rana,
Kuɗin na shiga wajen gyara da adana,
Don ƙarfe a ruwa kullum yana ciwa.

Baba Injiniya:

'Yata, ƙara da masu aikin sa kai,
Da yawa tsofaffin ma'aikatan teku ne, furfura a kai,
Su kankare tsatsa, su shafa mai,
Ba albashi ke kawo su ba, sai shaƙuwa.

Abin da nake tsoro guda ne tak,
Ranar da hannayen nan za su ƙare kakaf,
In yara ba su koya ba tsaf,
Wa zai san bawul ɗin da ake fara buɗewa?

Ɗan Dako:

Baba, na sauko, na karɓi batunka,
Yaya, ke ma na ji, na bar musu haka,
Amma ina da sharaɗi, Malam, rubuta a littafinka,
Kafin a rufe zaren ga kowa:

In baƙo ya zo, kar a tsaya a falo,
A sauke shi rumbu, ya daina kallo,
A aje buhu mai 60 na kilo,
A ce masa: bismilla, gwada ɗagawa.