Lissafin gangaren madatsa ya ƙi daidaita

Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina duba wata 'yar madatsar ruwa a wani ƙauye kusa da Gwaram, tsayinta mita 6, jar ƙasa ce aka daddaɓe. Da hanyar lissafi ta Bishop a manhajar kwamfuta ta SLOPE/W, ma'aunin aminci, wato yadda gangaren zai iya jure zaftarewa, ya ba ni 1.6, ya haura 1.5 ɗin da ake nema. A manhajar PLAXIS kuwa, da hanyar rage ƙarfin ƙasa, 1.2 nake samu, alhali danƙon ƙasa da kusurwar gogayya iri ɗaya na saka. Na ƙanƙanta idon ragar da PLAXIS ke rarraba ƙasar da ita wajen lissafi, shiru, ba abin da ya canza.

Ina zargin matsin ruwan da ke cikin ƙasar, don tun bayan damina bakin gangaren ya tsage, har yatsa na shiga. Kwana uku ke nan kaina ya kulle. Don Allah, a ina na kuskure?