Solarpunk: me za mu kira shi da Hausa?

Jiya a zauren marubutanmu kalmar solarpunk ta hana mu barci. Bari in kawo muku yadda ta kaya, ku ma ku tofa albarkacin bakinku.

Ga wanda bai san shi ba, nau'in ƙagaggen labari ne da ke hasko wata gobe inda aka shawo kan sauyin yanayi, kuma ba masu kuɗi kaɗai suka tsira ba. Kalmar ta fara yawo a intanet wajen 2008, sannan a 2012 aka buga tarin gajerun labarai da wannan suna a Barazil, da harshen Fotugis. Wutsiyar nan ta "punk" tana nufin bijirewa, ƙin bin abin da aka saba.

Wani ya fara da "labaran sola". Ba ta kai ko'ina ba, sai ka ce tallar mai sayar da faranti da batir a Sabon Gari.

Sai aka kawo "adabin hasken rana", ni ma na so in yarda. Wata 'yar'uwa ce ta taka mana birki. Ta ce, "Malam, rana alheri ce ga wanda sanyi ke kashewa. Mu fa in an ce an bar mutum a rana, an cuce shi ke nan. Wanda ya sha rana ai wahala ya sha. Ka je Sakkwato a watan Afrilu ka ce wa mutum littafinka na hasken rana ne, ka ji ko zai hango wani daɗi." Gaskiyarta. A bakin Bahaushe inuwa ce ni'ima.

Daga nan wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya tuno mana da sassaben zamani. Tun 1983 Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya lura cewa abin da ake ɗauka ƙananan ciyayi ne a gonaki, toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran. Da haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da an dasa ba. Ya ce, "Yaya, me zai hana mu ce adabin toho?"

Na fi tsayawa a nan. Toho ba ya fitowa sai an yi sara, ke nan kalmar ba ta musun ɓarnar da aka riga aka yi. Kuma daga saiwar gida yake fitowa, ba irin da aka kawo a mota ba.

An ce to ina bijirewar? Wani ya ce a ce "adabin gawo", tunda gawo na zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin kowa. Hujja ce mai kyau, amma harafi ɗaya waya za ta canza ka wayi gari kana rubuta adabin gawa. Ban da haka, manoman da suka fara barin toho sai da aka yi musu dariya, ana cewa ragwaye ne masu ƙazamar gona. Bijirewar na ciki.

Ni dai na ɗauki "adabin toho". 'Yar'uwar nan har yanzu tana kan "adabin inuwa", ta ce sai ta ga labari ɗaya an rubuta kafin ta sauka.