Gonar tudu ta daina riƙe taki: ku faɗi abin da kuke gani a naku gonaki

Mai buɗe magana, daga ƙasar Gwandu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so in ji ko ni kaɗai ne. Gonar tudun da muka gada, wadda a hannun mahaifinmu geronta ke riƙe gida har wata kaka ta zagayo, yanzu da ƙyar take kai mu bazara. Shi kuwa bai taɓa sayen buhun takin zamani na kamfa ba har ya koma ga Allah. Ni bara na zuba kamfa, na bi da yuriya, ganye ya yi kore shar. Ruwa mai ƙarfi na sauka sai ya koma rawaya. Ƙasar ta yi fari, in ka damƙe ta da danshinta ba ta dunƙulewa, ta tsakanin yatsu take zubewa. Ƙuduji kuwa, ciyawar nan mai kama saiwar gero, ya ci gefen gabas gaba ɗaya. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a gonarsa, ba abin da ya ji a rediyo ba.

Wani dattijo, daga Kangiwa:

Wa alaikumus salam. Jikana ke rubutawa, ni ke faɗi. Ɗana, ba kai kaɗai ba ne, mu nan Arewa bakin iyakar Nijar mun riga ku ganin wanga abu. Sa'ad da munka tashi, magidanci na noma wata gona ya bar wata saura, sabara da geza da kalgo su rufe ta shekaru, in anka dawo anka sassabe ta sai ka iske ƙasa baƙa. Yau gonar mutum guda ɗiya da jikoki sunka raba, kowa da ɗan tsagi nai. Wa zai bar saura ya ci mi?

Sai maganar kara. Da in anka yi girbi, kara a gona yake kwana. Fulani su zo su sauka da shanu, ka kai musu dame da goro, su daɗe nan shanu na cin kara suna zuba taki. Wannan shi ne kamfanmu. Yanzu kara kuɗi ne, ana kwashe shi tas a ɗaure a kai kasuwa, tushiyar ma a tone a kai murhu. Gona ta kwana tsirara tun daga kaka har faɗuwar ruwa. In iskar bazara ta taso ba abin da zai tare ta, ta kwashe ƙasar sama mai kyau ta bar maka rairayi, in shuka ta tsiro kuma rairayin ya binne ta.

Manomin shinkafa, fadamar Argungu:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ku na tudu kuna ganin mu na fadama mun huta, wallahi kowa da irin tasa. Iyayenmu sun ce kafin a gina dam na Bakolori a 1978, sannan na Goronyo a kan Rima, ruwa kan hau fadama a kan lokacinsa, ya kwanta a hankali, ya janye ya bar laka. Wannan lakar ita ce abincin shinkafa. Mu abin da muka tarar shi ne ko ruwan ya ƙi zuwa, ko ya zo a haukace. Ambaliyar 2010 ta yi mana ɓarna, amma ta 2020 ce ta karya mutane da yawa, lokacin da aka ruwaito kusan hekta 450,000 ta shinkafa ta nutse a jihar nan ta Kebbi. An yi ta maganar shinkafar da ta tafi, ba wanda ya yi maganar abin da ruwan ya bari. A gonata ta bakin gulbi yashi ya bari, wani wurin ya kai gwiwa. Wurin da laka ce mai riƙe ruwa kwana da kwanaki, yanzu in ka kunna inji da safe, kafin la'asar fangalin ya shanye. Kwashe yashin da amalanke ya fi ƙarfin aljihuna, sai na mayar da wannan gefen na dankali da kankana.

Gulbin kansa ya cike. Yashin da ke gangarowa daga gonakinku na tudu ai nan yake ƙarewa, shi ya sa ruwa kaɗan ya ishe shi ya tsallake gaɓa. Da rani kuma rijiyar bututun da muke hakawa kusa-kusa, yanzu sai an ƙara tsawo kafin inji ya ja. Ga fetur tun da aka cire tallafi a 2023. Wasu sun mayar da injinsu na gas, masu hali sun sa sola, marasa hali sun rage fili.

Wata uwa, daga Jega:

Sannunku da ƙoƙari. Ku bar ni in sa baki ko da ba ni ke riƙe garma ba, don rumbun in ya yi ƙasa mu ke fara sani. Ina yarinya, kalwar da muke daddawa daga ɗorawar gonar kakanmu take, man kaɗe ma ba a saye. Yanzu kalwa sai an kawo daga nesa, itacen girki kuma ya zama abin awo. Kada a ɗora wa mata laifin kwashe kara, wanda bai hura wuta da tsakar damina ba bai san abin da ake ciki ba. Gas ba kowa ke iyawa ba.

Abin da nake so ku duba shi ne takin bola da ake kaiwa gona daga cikin gari. Maigidana ya sayi na tifa ya watsa. Da muka je cirar wake, duk inda ka sa hannu leda ce, ta fiya wata da baƙar leda, har da batir da fasassun kwalabe. Inda leda ta kwanta a ƙarƙashi saiwa ba ta ratsawa, sai ka ga gindin dawa ya tsaya ya ƙanƙance. Tunkiyata guda da ta yi kiwo a wurin ta rame ta ƙi ci, da aka yanka leda aka ciro a tumbinta. Tun daga nan yara ke tsince takin kafin a watsa.

Wani matashi, daga ƙasar Zuru:

Ni zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Ina cikin masu yin gawayi da rani. Na san kirya da marke sun yi wuya, da a bayan gari ake samu, yanzu sai an yi tafiya mai nisa, nisan ma tsoro ya hana. Na kuma ga abin da ke biyo baya: gangaren da aka sare itatuwansa, ruwan damina ya tsaga shi, kwazazzabo ya cinye gefen gonar maƙwabcinmu har da mangwaronsa. Amma motocin da ke lodin buhunan gawayi ai birni suke nufa. Mai sayen yana can yana gasa nama, mai saran shi ake zagi. A ba mu abin yi daga kaka zuwa damina a gani in wani zai so kwana cikin hayaƙi.

Dattijon Kangiwa:

Yaro, ban zarge ka ba, yunwa ba ta da kara. Abu guda nake roƙo: in za ku sara, ku bar kututture da tsawo ya sake toho, kada a ƙone gindi. Kuma ɗorawa da kaɗanya da gawo, waɗanga ko a zamanin yunwa iyayenmu ba su sa musu gatari.

Ɗan'uwa daga ƙasar Anka, Zamfara:

Gaisuwa ga mutanen Kabi. Namu ya haɗa da naku, ya kuma ɗara. Gonakinmu masu ƙarfi na cikin daji ne, kuma shekaru ke nan ba mai iya zuwa sai da fargaba. Kowa ya dawo ya matsu a gonakin bakin gari, ana noma su shekara bayan shekara ba hutu. Shanun noma an kore su, ƙananan dabbobi an sayar, to ina takin gida zai fito? Zaman da Baba ya ambata na Fulani su sauka a gona bayan girbi, mu ma mun taso mun gan shi, rikici ya kashe shi, kuma ƙasa ta ji a jikinta.

Sai haƙar zinari. Akwai gonakin da na sani da dawa ke yi har ta fi mutum a kan raƙumi tsawo, yau ramuka ne da tarin jar ƙasa da tsakuwa. Ko an daina haƙa, ƙasar ƙarƙashi da aka juyo sama ba ta fitar da komai, ramukan kuma su cika da ruwa su zama tarko ga yara da dabbobi. Gwamnatin tarayya ta sa dokar hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, amma ba wanda ya zo ya cike rami ko ɗaya a wajenmu. Kun kuma san abin da ya faru a 2010, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen zinari ana niƙa shi a cikin gidaje. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega aka zuba sabuwa. Duk wanda ake wanke dutse kusa da gonarsa ko tafkin da yake ban-ruwa, kada ya ɗauke shi wasa.

Tsohon malamin gona, Birnin Kebbi:

Na karanta duka, kuma in kun lura kusan magana ɗaya kuke yi ta ƙofofi daban-daban. Malam na Gwandu, takinka bai yi ƙarya ba. Abin da ke riƙe taki da danshi a ƙasa shi ne ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi, shi ke sa ta baƙi. In ya ƙare a jigawa, zuba yuriya kamar ɗiban ruwa ne da kwando: wadda aka watsa a sama rana ta sa ta bi iska, wadda ta narke ruwa ya wuce da ita ƙasa inda saiwar gero ba ta kai. Don haka a binne ta kusa da gindi a rufe, a raba ta kashi biyu, kuma ko ɗan yaya ne a fara sa takin gida. Ɗan kamfa cikin murfin kwalba a kowane gurbi tare da takin gida ya fi buhu da aka watsa a kan farar ƙasa.

Ƙuduji kuwa alama ce ta ƙasa ta talauce. Gindi ɗaya na zubar da dubban iri, kuma irin na iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar gero ko dawa. A cire shi kafin ya yi fure, a fitar da shi daga gona a ƙone. Gefen da ya ci, a ba shi gyaɗa ko waken suya, don suna sa irin ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu.

Abin da ke ba ni takaici, tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a nan Kebbi a 2015, hankalin kowa ya koma kan iri da taki da maganin feshi. Duk suna da amfani. Amma na jima ban ji an tara manoma don maganar ita kanta ƙasar ba.

Wani manomi, daga Kamba:

Malam, Allah ya saka da alheri. Ni abin da na gwada a wajen dangin mahaifiyata na Nijar na gano shi. Akwai fako a gonata, ƙasa ta daskare ruwa na sulalewa a kanta, ko ciyawa ba ta fita. Da rani na haƙa ƙananan ramuka jere, abin da suke kira tassa, zurfin kamar taƙi guda, na tara ƙasar a gefen gangare, na zuba taki cikin tafin hannu a kowanne. Gara ta shiga ta yi ta huda ƙasar tana jan takin ciki. Da ruwa ya sauka ya taru a ramukan, na shuka gero a ciki. Wurin da na fid da rai da shi, shi ya fi jure tsayawar ruwa da aka yi. Aikin akwai karya baya, ba zan ɓoye ba, mutum ɗaya ba zai yi babban fili a rani guda ba.

Na biyu, na daina tone duk tohon da ya fito lokacin sassabe. In kututturen sabara ko kalgo ya yi toho da yawa, in zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku in bari, in sare sauran. Gawo kuwa ko ɗan ƙarami na gani sai na kafa masa ƙaya. Shi da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani ya yi ganye dabbobi su taru a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa. Ku je ku dubi geron da ke gindin gawo ku gwada da na fili.

Mai buɗe magana, daga ƙasar Gwandu:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara da gefen ƙudujin, in sa gyaɗa bana. Amma ɗan'uwa na Kamba, ga inda gizo ke saƙa: in na bar kara a gona, kafin mako an kwashe. In na bar toho, mai neman itace ko mai akuya ya sare da dare. Ku yaya kuka yi?

Manomin Kamba:

Mutum ɗaya ba zai iya ba, Malam. Mu da muke iyaka da juna muka haɗu muka je wurin maigari, aka yi shela bayan sallar Juma'a cewa itacen da ke cikin gonar mutum nasa ne, wanda aka kama yana sara zai biya. Liman ma ya sa baki. Ba a daina gaba ɗaya ba, amma ya ragu sosai. Karan kuwa kada ka bar shi a tsaye ko a ɗaure, wannan ne ke jan ido. Ka sassare shi gajeru-gajeru ka shimfiɗa a inda iska ta fi ci, ka ɗan watsa ƙasa a kai. Ba mai tsayawa tsintar guntaye. Rassan da ka rage daga tohon kuma ka kai wa mutanen gida, kamar yadda Inna ta Jega ta ce su ma murhu na jiransu, in sun samu wannan za su sassauta wa karan.