Babban kare ko ƙarami: wanne ya dace da gida a Damagaram?

Sanusi Zango:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar karnuka. Gida ne a bakin gari ta hanyar Mirya, katangarsa ba ta kai mita 2 ba, akwai tumaki da kaji a baya, ga kuma yara ƙanana. Kare ake so don gadi. Wasu sun ce a sayi barje alman, wato karen Jamus, wasu sun ce rotwaila ya fi ban tsoro, wasu kuma sun ce ƙaramin kare mai yawan haushi ya wadatar. Wanne zai jure zafin garin nan? Nawa suke ci? Kuma me ke kashe su, don sai ka ga an sayi kwikwiyo da tsada, wata biyu a ce ya mutu.

Malam Haruna, likitan bisashe:
Wa'alaikumus salam Malam Sanusi. Kafin sunan kare, duba abu uku: gashinsa, hancinsa da nauyinsa.

Kare ba ya zufa irin tamu. Ta baki yake fitar da zafi, shi ya sa yake zaro harshe yana haki. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39, in ya kai 41 rayuwarsa na cikin haɗari. To mu a nan, Afrilu da Mayu, inuwa kanta tana wuce 40. Don haka duk karen da hancinsa ya dunƙule, irin su buldok, ka cire shi daga lissafi, hanyar iskarsa ƙunci gare ta. Rotwaila namiji yana kai kilo 50, baƙi ne, jikinsa a cure. Yana ɗaukar zafi da sauri, yana saki a hankali, kuma ba kasafai yake wuce shekara 10 ba. Barje alman kilo 30 zuwa 40 ne, gashinsa hawa biyu, na sama da wani mai laushi a ƙasa. Zai rayu a Damagaram, amma sai da rumfa mai iska, da ruwa kullum, da taje gashi akai-akai. Kada a aske shi ƙwal wai don ya sha iska, rana ce za ta ƙona fatar. Yana kuma da ciwon kwatangwalo na gado, wanda ba ya nunawa a kwikwiyo, sai ya girma ka ga yana jan ƙafafun baya.

Batun ci kuwa, nan mutane ke faɗawa rami. Kare mai kilo 35 yana cin abinci dafaffe wajen kilo 1 a yini. In na buhu ne, busasshen nan da ake shigowa da shi, giram 400 zuwa 450, wato buhu mai kilo 15 mako biyar ne ya ƙare. Mai kilo 15 rabin wannan zai ci. Ruwan sha, mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo na jikinsa, da bazara kuma ya ninka, sai babban kare ya sha lita 4, ban da na wanka da na wanke wurinsa. Wanda ya san yadda ruwa yake a unguwannin bakin gari da rani ya san ba ƙaramin abu ba ne. Maganin tsutsa da na kaska ma da kilo ake auna su, kuɗinsu na bin girman kare.

In ni za a tambaya, kare matsakaici, kilo 15 zuwa 25, mai gajeren gashi da dogon hanci.

Baba Ilu na Birni:
Likita ya faɗi gaskiya, sai dai bai kira sunan karen ba, to ni zan kira. Karenmu na gida ne, da ɗan'uwansa karen Buzaye, wanda Turawa ke kira azawak. Daga kwarin Azawak yake, arewa da Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan har cikin Mali. Tun farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, yanzu can yana da takarda da daraja, mu da muke da shi muna neman na Jamus. Namiji tsayinsa santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, amma nauyinsa kilo 20 zuwa 25 kawai. Dogayen ƙafafu, shafaffen ciki, fata siririya, ana ganin haƙarƙarinsa ko ya ƙoshi. Wanda bai sani ba sai ya ce yunwa ce ya dinga ɗura masa abinci, alhali haka ƙirarsa take. Zafi bai dame shi ba. Ɗari ne matsalarsa, da hunturu a shimfiɗa masa buhu a inda iska ba ta bugawa.

Halinsa: mutanen gidansu kawai ya sani. Baƙo ba ya samun fuska, ba ya kuma karɓar duka, in ka doke shi ka rasa amanarsa. Aibinsa ga gida irin naka, ɗana, shi ne kaji. An halicce shi da bin abin da ke gudu, zomo ne ko zabo. Maganin wannan tun yana ƙarami ne. A kawo shi yana mako 8, ba ƙasa da haka ba, a ajiye shi kusa da turken tumaki, ya tashi da warinsu. Kullum a fito da shi da igiya a wuya a ratsa cikin kaji. Ya zabura, a ja igiyar a ce "bari" da murya ɗaya, ya tsaya a ba shi ɗan abin taɓawa. Wanda ya wuce wata 4 bai saba da kaza ba, da wuya ya saba. In kuwa ya taɓa kashe ɗaya ya ci, sai dai a raba musu wuri.

Wajen zaɓen kwikwiyo, je ka ga uwar da idonka. Uwa mai tsoro ko mai cizo ba dalili, 'ya'yanta sukan biyo ta. Ɗaga leɓensa, dasashi ya zama ja-ja, ba fari ba. Duba cikin kunne da tsakanin yatsu don kaska. Ciki ya kumbura, gashi ya yi fururu, tsutsa ce. Tafa hannu a bayansa: wanda ya juyo ya taho shi ne naka, wanda ya ruga ya ɓuya ka bar shi.

Kuma kada a ɗaure kare da sarƙa dare da rana. Sarƙa ce ke mai da kare mugu, irinsu ne ke cizon yaran gida. A yi masa shinge, mita 2 a 3 aƙalla, rufin zana ba kwano ba, da dare a sake shi.

Hajiya Zainabu:
Baba, a yi mini afuwa, ina da ƙari a kan ƙananan. Aikin kare a gidan da ke cikin mutane ai ba kokawa da ɓarawo ba ne, tada masu gida ne. Wannan kuwa ƙaramin kare mai kilo 6 zuwa 10 yana yinsa, sau da yawa ma ya fi babba saurin haushi. Giram 100 zuwa 170 na busasshen abinci ya ishe shi, yana kai shekara 13 zuwa 15, kuma in tsautsayi ya sa ya kama yaro, raunin ba ɗaya ba ne da na mai kilo 40.

Amma ba kowane ƙarami ba. Masu dogon gashin nan farare, irin kanish da bishon, karnukan cikin ɗaki ne. A tsakar gidanmu na yashi, da kaka ƙarangiya ke cika musu gashi, ya dunƙule, kaska ta ɓuya a ƙarƙashi, sai an yi ta aski da wanka. Sannan yawancin gidajenmu ba a shigar da kare ɗaki, to me za a yi da karen da ba ya iya kwana waje? Ƙaramin karen gida mai santsin gashi ya fi su. Abin kula shi ne karnukan unguwa, in ya fita shi kaɗai za su iya yi masa illa.

Ga yara kuma, ko wane iri aka kawo, doka uku: ba a taɓa kare yana cin abinci, ba a tada shi daga barci da hannu, ba a barin yaro ɗan ƙasa da shekara 6 da kare su biyu.

Ɗan Sabon Gari:
Ni ban yarda a watsar da na waje gaba ɗaya ba. In mutum na son karen da zai karɓi horo sosai, a ce zauna ya zauna, a ce saki ya saki, malinuwa na Beljiyam ya fi barje alman dacewa da ƙasarmu. Kilo 25 zuwa 30, gajeren gashi, jiki ba nauyi, shi ne sojoji da 'yan sanda ke aiki da shi a ƙasashe da yawa. Karen gida yana da wayo amma ra'ayin kansa yake bi.

Sai dai Malam Sanusi, da wannan katanga taka ban ba ka shawararsa ba. A gasar horon karnuka ta Faransa malinuwa na haura bangon katako mai mita 2.30. Yana kuma buƙatar aiki na awa ɗaya zuwa biyu kullum, da asuba da bayan magariba. In aka bar shi zaune zai tona tsakar gida, ya tauna tayar babur, ya dinga zagaye tumaki har su rame. Mai zuwa kasuwa tun safe sai dare ba nasa ba ne.

Wani abin kuma, yawancin abin da ake sayarwa da sunan barje ko malinuwa gauraye ne. Ba laifi ba ne, gaurayen barje da karyar gida ma yakan fi jure cuta, amma kada ka biya kuɗin tsantsa. Ka ga uwa da uba, ka nemi katin allura mai ɗauke da takardar kwalbar a manne da kwanan wata.

Sanusi Zango:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hankalina ya karkata ga karen gida matsakaici. Malam Haruna, saura batun mutuwar kwikwiyo da abin da za a ba shi.

Malam Haruna, likitan bisashe:
Abin da ya fi kashe su fabo ne, wato amai da gudawar jini mai ƙarni, kwikwiyo ya bushe cikin kwana biyu zuwa uku. Ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, don haka in wani ya mutu da ita a gidan, kada a kawo sabo marar allura. Ruwan jabel, wato bilic, ne ke kashe ta, sabulu ba ya yi. Allurarta a haɗe take da ta wasu cututtuka: ta farko yana mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Kafin ta cika kada ya taka waje. Allurar haukan kare yana wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Allura tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wadda aka yi yawo da ita a aljihu cikin rana ruwa ce kawai, shi ya sa za ka ji an ce an yi wa kare allura kuma ya mutu. A je ma'aikatar kiwo ko wajen likitan da ke da firji. Karen gida ma yana buƙatarta, ƙarfin jininsa ba ya tare hauka.

Maganin tsutsa duk mako 2 har wata 3, sannan duk wata har wata 6, daga nan duk wata 3. A tabbata akwai sinadarin farazikwantal a cikin maganin, musamman tunda kana da tumaki. Dalili: in kare ya ci ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa, irin wanda mahauta ke yarwa, tsutsa na girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya koma jikin tumaki da na yara. Kan tunkiyar da ta mutu da ciwon juwa ma haka, kada a jefa masa. Duk kayan ciki a dafa su.

Abinci: rabi shinkafa ko tuwo, kashi ɗaya cikin uku nama ko tumbi ko kifi ko ƙwai, sauran kabewa ko karas, da cokalin mai. A daka ɓawon ƙwai ya yi laushi, rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo na abinci. Tuwo zalla ke sa ƙafafun kwikwiyo su lanƙwashe. Sauran miyar gida ba ta dace ba saboda albasa da tafarnuwa, suna lalata jinin kare a hankali. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji. Kwikwiyo sau 4 a yini har wata 3, sau 3 har wata 6, babba sau 2. Masu zurfin ƙirji kada su yi gudu bayan sun ci, tumbinsu na iya murɗewa.

Kaska ta fi yawa da damina, tana ɓuya a tsagar katanga, tana kawo zazzaɓin da ke sa dasashi fari, wani lokaci fitsari ya yi ja ko hanci ya yi haɓo. A yi maganin jikinsa da na wurin kwanansa tare. Kada a ɗauki ibamaktin, maganin tsutsa da kaska na dabbobi, ko maganin wankan shanu a kimanta da ido, kwikwiyo na makancewa ya yi ta makyarkyata. Farasitamol da ibufurofen na mutane ma ba a ba kare.

In zafi ya buge shi, yana haki ba tsayawa, yawu na dalala, yana tangaɗi, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwan randa a ciki da hammata da tsakanin cinyoyi, a yi masa fifita, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. In kuma ya ciji mutum, ko da yana da allura, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 a tafi likita ranar. Karen kada a kashe shi, a killace shi mako biyu likitan bisashe na dubawa, don halin da ya shiga a kwanakin nan shi zai nuna ko yana da hauka lokacin da ya yi cizon.