Tsohon gidanmu na Argungu: a rushe ko a bari?

Bakabe:
Salamu alaikum. Muna da gidan gado a cikin gari, ginin ƙasa ne mai rufin azara, zaurensa daurin guga, wato rufi mai bakan gizo. Yanzu 'yan haya ne a ɗakunan. Tun da aka zuba kwalta titi ya fi gidan tudu, da damina ruwa har zaure. Unguwar duk ta koma shaguna, ƙannena sun ce a rushe a yi na bulo. Ni raina bai so ba. Shin gwamnati na iya kare gida irin wannan, kamar Gidan Kanta?

Malam Na-Gwandu:
Wa alaikumus salam. Gidan Kanta daban ne, ɗan'uwa. Fadar Sarkin Kabi ce har 1942, aka maishe ta gidan tarihi a 1958, kuma akwai kaburburan sarakuna a ciki. Hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi, wadda aka kafa a 1979, ita ke ba da shawarar a ayyana gini a matsayin kayan tarihin ƙasa, sai dai tana duba abin da ya faru a gidan, ba tsufa kawai ba. In ma an ayyana, ba ku da ikon rushewa ko sauya masa fasali sai da izininta. Ƙannenka za su yarda da haka?

Hajiya Inno:
Malam, gado fa ake magana. In akwai marayu ko mata masu buƙata a cikin magada, ba a tauye musu haƙƙi don kyan zaure. Kuma kowa ya manta da 'yan hayan. Mai biyan kuɗin ɗakin ƙasa ina zai samu na ɗakin bulo a bakin titi?

Magini:
Alhaji, ko me za ku yi, kada ku yarda a shafe bangon da siminti. Danshi yake riƙewa a ciki, ƙasar ta ruɓe, wata rana filastar ta ɓalle gaba ɗaya. Ruwan titi ne ke cin gidan nan. A ja magudana, a tayar da dakali a gindin bango, a gyara indararo, a riƙa yaɓe kafin damina. Azara kuwa gara ba ta cika cinta ba, in dai rufin bai yi yoyo ba.

Bakabe:
Na gode. Hajiya, maganarki ta shige ni. Zan kai musu shawarar a bar zauren da ɗakunan ciki, a fasa katangar gefen titi a fitar da shaguna. Magini, turo min lambarka ta saƙo, ka zo ka duba azarar tukuna.