Sunan "duplicate" a cikin "array" da Hausa

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum malamai. Ana shirya darasin PHP, harshen rubuta manhajar yanar gizo, da Hausa don yaran Zongon Kumasi. "Array" mun sa masa jeri, ba gardama. To abin da ya shiga jeri sau biyu fa? Kwafi ko tagwaye?

Malamar Asawase: Wa alaikumus salam. Kwafi bai yi ba, don da gangan ake yin kwafi. Tagwaye kuma biyu ne. In lambar waya ɗaya ta fito sau biyar, sauran ukun Gambo za mu kira su? Ni maimai na zaɓa.

Baba Tafo: Malama ta yi gaskiya. Umarnin PHP na array_count_values ma ƙirga maimai yake yi: ƙimar da adadinta ya wuce 1, ta maimaitu. array_unique kuwa yana barin na farko ya zubar da sauran, amma ba ya gyara lambobin gurbi. Sai ka ga 0, 1, 4, json_encode, mai mai da bayanai rubutun da ake aikawa tsakanin manhajoji, ya ƙi fitar da shi a matsayin jeri. A bi shi da array_values, mai sake jera lambobin gurbi daga 0.

Ɗan Aboabo: Baba, wanda ya yi kama da maimai alhali ba shi ba ne fa?

Baba Tafo: Takwara ke nan, suna ɗaya mutum daban. in_array shi ke duba ko abu na cikin jeri; in ba ka ba shi true a matsayin abu na uku a cikin bakansa ba, zai ce "0244" da "244" abu ɗaya ne, don duka biyun lamba yake ɗaukarsu. Kafin PHP 8 na 2020 har 0 da "a" yana daidaitawa.

Malamar Asawase: Akwai kishiyarsa, maimai mai ɓad da kama. A Ghana, lambar da aka fara da 024 da wadda aka fara da +23324, in sauran lambobin ɗaya ne, wayar mutum ɗaya ce, injin bai sani ba. A cire sarari da alamar +, a mai da sifilin farko 233, sannan a gwada. Kuma duba jeri kaɗai bai isa ba: buƙatu biyu na iya isowa sabar lokaci guda, kowace ta duba ta ga babu, duka su rubuta. A sa UNIQUE, sharaɗin hana maimai, a teburin MySQL, ma'ajiyar bayanai, ya mai da ta biyun da kuskure 1062.

Ɗan Aboabo: Na gode. Jeri, maimai, takwara. Haka zai shiga darasi na huɗu.